Cocin da ke kan tudun Ronshan, da abin da za ku ɗauka daga gare shi

Tambaya: Ni katekis ne a wata ikilisiyar Katolika a nan Kaduna. Mutanen ƙauyenmu, can wajen Kagoro, sun tara kuɗi suna so su gina ƙaramin ɗakin addu'a a kan dutsen da ke bayan gari. Yarona ya nuna mini hoton wani coci a Faransa, fari fat, da rufi mai duhu a lanƙwashe kamar an ɗora kwale-kwale, wai shi ma a kan tudu yake. Mene ne labarinsa, kuma za mu iya gina irinsa?

Amsa: Malam Katekis, sannu da ƙoƙari, Allah ya cika muku buri. Ginin da yaronka ya nuna maka babu ɗalibin zanen gini da zai gama karatu bai haɗu da shi ba, ni ma tun ina ɗalibi a Zariya aka sa mu kwaikwayi zanensa da fensir. Sunansa da Faransanci Notre-Dame du Haut, ma'anarsa kusan "Uwargijiyarmu ta Kan Tudu", wato Maryamu. Yana bisa wani tudu mai suna Bourlémont, a saman garin da Faransawa ke rubutawa Ronchamp su furta Ronshan, a gabashin Faransa, kimanin kilomita 20 daga birnin Belfort. Ni Musulmi ne, sana'ata zanen gini, don haka abin da ya shafi tsarin ibada na bar wa Fada da Bishop. Abin da ya shafi bango da rufi da haske kuwa, zan gaya maka iyakar sanina.

Tudun ya girmi ginin nesa ba kusa ba. Tun ɗaruruwan shekaru akwai majami'a a wurin, mutane suna hawa ziyarar ibada saboda Maryamu. Lokacin juyin juya halin Faransa gwamnati ta ƙwace kadarorin coci ta sayar, har da wannan. A 1799 iyalai kusan 40 na garin suka haɗa kuɗi suka saye wurin don ya koma hannun masu ibada, kuma har gobe wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke riƙe da shi. Ka ga kenan akwai kama da labarinku, mutanen gari ne suka yi karo-karo. A 1913 tsawa ta faɗa wa majami'ar da ke wurin ta ƙone. Aka sake ginawa bayan yaƙin duniya na ɗaya. A kakar 1944, da sojojin Faransa suka zo korar sojojin Jamus daga tudun, ruwan igwa ya ragargaza ta. Cikin shekara 31 wurin ya rushe sau biyu.

Waɗanda suka zo sake gini a wannan karon sun yi abin da ya ba kowa mamaki. Kwamitin da ke kula da zane-zanen coci a diyosis na Besançon ya nemi wani mai zanen gini da ake kira Le Corbusier, mu ce Korbuziye. Sunansa na yanka Charles-Édouard Jeanneret, an haife shi a Siwizalan a 1887, a gidan Furotesta, kuma ba mai zuwa coci ba ne. Da farko ma ƙi ya yi. Abin da ya sa aka nace masa shi ne, a lokacin akwai wasu limaman Katolika a Faransa, babbansu wani Fada ɗan ɗariƙar Dominikan mai suna Marie-Alain Couturier, da suke ganin gine-ginen coci sun zama kwaikwayon tsofaffi marasa rai. Ra'ayinsu shi ne a kira gwani ko da ba mai ibada ba ne, ya fi a ba mai ibadar da ba shi da hannu. A wannan zamanin ne mai zane Matisse ya ƙawata ƙaramin ɗakin addu'a na garin Vence, aka buɗe a 1951.

A watan Yunin 1950 Korbuziye ya hau tudun. Nan ne wurin da nake so ka tsaya da kyau, domin duk sauran labarin daga nan ya fito. Ya yi sa'o'i yana zagayawa da ɗan littafin zanensa, yana duban gabas da yamma, kudu da arewa, yana zana yadda tsaunuka da kwaruruka suka kwanta. Ya lura da abubuwa uku da duk magini zai lura da su. Hanyar hawa ba ta da kyau, kai manyan kayan gini sama zai ci kuɗi. Duwatsun tsohuwar majami'a suna nan jibge, wuta da igwa sun raunana su, ba za su ɗauki babban nauyi ba amma za su cike bango. Sannan ruwa yana da wuya a kan tudun. Ya kuma sami labarin cewa a ranakun yau da kullum mutane ƙalilan ne ke hawa, amma ranar 15 ga Agusta da ranar 8 ga Satumba, bukukuwan Maryamu, dubbai ne ke cika wurin.

An fara aiki a 1953, aka keɓe ginin ranar 25 ga Yunin 1955.

Bari mu fara da rufin, tunda shi ya ɗauke maka ido. Korbuziye ya ce ɓawon ƙaguwa ne da ya tsinta a bakin teku kusa da New York a Amurka ya ba shi siffar. A ido kamar wani ƙaton dutse ne mai nauyin tsiya, amma cikinsa rami ne. Fatu biyu ne na kankare, kowanne kaurinsa santimita 6 kacal, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tsakaninsu mita 2.26 a inda suka fi nisa, da haƙarƙarin kankare a ciki da ke riƙe su, irin tsarin fiffiken jirgin sama. An bar kankaren da launinsa, har sawun katakon da aka zuba shi a ciki ana gani. Kuma rufin bai zauna a kan bango ba. Ginshiƙai ne da aka ɓoye cikin bangon suke ɗauke da shi, saboda haka a kudu da gabas an bar 'yar tazara ta kimanin santimita 10 tsakanin bango da rufi, aka sa gilashi. In kana ciki sai ka ga wani siririn layin haske ya raba su, rufin da ya sauko kanka kamar tanti mai nauyi sai ya zama kamar yana shawagi. Wannan dabarar ita ce ta fi burge ni a dukan ginin, kuma ba ta fito a hoton waje.

Rufin ya karkata zuwa yamma. Duk ruwan da ya sauka a kansa yana taruwa ya fita ta indararo guda ɗaya, ƙato, mai baki biyu kamar bindiga, ya zuba cikin wani kwarmin kankare da ke ƙasa. Amsar matsalar ruwa kenan, kuma an mai da ita ado.

Sai bangon kudu, wanda ya fi kowanne suna. A ƙasa, a gefen da ya fi kauri, ya kai mita 3.7, yana sirancewa har ya koma rabin mita a sama. Shi ma ba cike yake ba, firam ne na kankare aka lulluɓe da ragar ƙarfe aka fesa siminti, aka shafe da farar ƙasa, shi ya sa fuskarsa take da kaushi. An huda masa tagogi sama da 20, babu biyu masu girma ɗaya, babu layi. Daga waje 'yan ramuka ne ƙanana. Daga ciki kowanne ya buɗe baki kamar mazurari, haske ya shiga ta ƙaramar kafa ya bazu a jikin farin kaurin bangon kafin ya iso idonka. Wasu gilasan fari ne, wasu ja, shuɗi, kore, rawaya, kuma shi Korbuziye da hannunsa ya zana musu wata, tsuntsu, ganye, da kalmomin gaisuwar Maryamu, wadda ku kuke karantawa "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri".

Ranar da na fara ganin hoton wannan bango daga ciki, abin da ya faɗo mini shi ne zauren kakana. Bango mai kauri a gindi, siriri a sama, ƙaramar taga can bisa, ka shigo daga ƙwallelliyar rana ka tarar da sanyi da duhu mai daɗi har idonka ya saba. Maginanmu na tubali sun san wannan tun kafin a haifi Korbuziye. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, da ƙasa da azara aka ɗaga bakan-gizonsa, kuma da ɗan haske kaɗan yake aiki. Kamar ba ta tsaya a tunanina kawai ba. Korbuziye ya ziyarci kwarin Mzab a hamadar Aljeriya a 1931, ya zana gidaje da masallatansu farare masu kaurin bango da ƙananan kafofi, kuma masana da yawa suna danganta bangon Ronshan da ƙaramin masallacin Sidi Brahim da ke El Atteuf a can. Wato wani ɓangare na abin da ya burge ka daga wannan nahiyar tamu aka ɗauke shi.

Hasumiyoyi uku da ka gani masu kai kamar rabin ƙwarya ba na ƙararrawa ba ne. Kowace tana tsaye a kan wani ɗan lungu mai nasa bagaden, aikinta ta kamo haske daga sama ta zubo shi a jikin bango zuwa kan bagaden, mai addu'a ba ya ganin tagar, hasken kawai yake gani yana saukowa. Babbar tana kallon arewa, haskenta a natse yake duk yini. Ƙananan biyu sun juya wa juna baya, ɗaya ta kama hantsi, ɗaya ta kama la'asar, kuma an shafe cikin ɗaya da ja. Wannan ya samo shi ne daga wani kangon Rumawa a Tivoli kusa da Roma, wanda ya zana a 1911 yana saurayi, ya ajiye a ransa kusan shekara 40. Ƙararrawa kuwa sai a 1975, bayan rasuwarsa, wani gwanin aikin ƙarfe ɗan Faransa mai suna Jean Prouvé ya yi musu wani firam na ƙarfe a waje, aka rataya guda uku.

Cikin ɗakin ba shi da girma, mutum 200 ne zai ɗauka. Daɓen ya bi gangaren tudun, yana sauka a hankali zuwa bagade a gabas. Kujerun katako a gefe ɗaya kawai suke, kusa da bangon kudu, sauran fili na masu tsayuwa ne. Babbar ƙofa ta ƙarfe ce mai zane kala-kala, tana juyawa a kan tsakiyarta, ana buɗe ta ranar manyan bukukuwa.

To ina dubban masu ziyara za su shiga? Ba sa shiga. Bangon gabas ta waje ya lanƙwasa ciki, rufin ya miƙo kansa ya yi rumfa, a ƙarƙashinsa akwai bagade na biyu, da mumbari, da wurin mawaƙa. Jama'a suna tsayawa a kan ciyawar tudun, lanƙwasar bangon tana turo musu murya. Tsohon mutum-mutumin Maryamu na katako, wanda ya tsira daga rushewar baya, an sa shi cikin wata taga ta gilashi a wannan bangon, na ciki suna ganinsa, na waje ma suna gani. Ragowar duwatsun tsohon gini an tara su a gefen filin kamar dala mai matakala, don tunawa da sojojin da suka mutu a 1944.

Da aka buɗe shi an yi ta cece-kuce. Korbuziye ɗin nan shi ne ya taɓa cewa gida na'ura ce ta zama, shi ne sarkin miƙaƙƙen layi da farin akwati a kan ginshiƙai, sai ga shi da gini wanda da ƙyar za ka sami bango miƙaƙƙe. Wasu abokan sana'a a Ingila sun ce ya bar hankali ya bi son rai. Wasu masu ibada sun ce wannan bai yi kama da coci ba. Korbuziye ya rasu a 1965. A 2011 aka ƙara gidan sistoci 'yan ɗariƙar Santa Kilara da wurin karɓar baƙi, zanen Renzo Piano ɗan Italiya, aka binne yawancinsu cikin gefen tudun don kada su tare ginin, shi ma sai da aka yi rigima a kansa. A farkon 2014 ɓarayi suka fasa ɗaya daga gilasan da ya zana da hannunsa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tare da wasu gine-ginensa, 17 gaba ɗaya a ƙasashe 7.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Shawarata, kada ku kwaikwayi siffarsa. Rufin nan aikin kafintoci ne na musamman, kowane katako da nasa lanƙwasar, da injiniyan da zai lissafa fatar kankare mai santimita 6 ta tsaya ba ta tsage ba. Kuɗin katakon zubin kaɗai zai iya cinye abin da ƙauyenku ya tara. Can Faransa ma, da duk ƙwarewarsu, bangon ya yi ta tsagewa, ruwa yana shiga yana cin rodi, an sha kashe kuɗi wurin gyara. Na taɓa ganin wani gini a wata unguwa a nan Kaduna da mai shi ya matsa wa birkila sai ya yi masa rufin kankare mai lanƙwasa daga hoto, damina biyu aka yi rodi ya fara tsatsa yana tofar da siminti, yanzu kwano aka kifa a kai.

Ban da kuɗi, akwai rana da iska. Ronshan tana can sama da digiri 47 arewa, rana a can tana ratsawa ta kudu a sunkuye, shi ya sa bangon kudu ya zama bangon haske. Mu muna wajen digiri 10. Rana tana bi ta tsakar ka, bangon da ke shan wuta shi ne na gabas da safe da na yamma da la'asar. In kuna son tagogi masu mazurari, kuma ina ba ku shawarar ku yi su don ba su da tsada, ku sa su a kudu da arewa inda haske ke shigowa ba zafi, bangon yamma ku bar shi da kauri kusan babu kafa. Sannan hadarinmu daga gabas yake tasowa, kowane manomi ya sani, kuma shi ya sa maginan gargajiya suke ƙara wa bangon gabas makuba. In kuka buɗe bagaden waje yana kallon gabas kamar na Ronshan, iskar farkon damina za ta shiga ƙarƙashin rumfar ta ɗaga kwanon. Ka kuma tuna 15 ga Agusta da 8 ga Satumba a wurinmu tsakiyar marka ne, kuma kudancin Kaduna ya fi nan cikin gari ruwa. Wurin taron waje yana bukatar gini ya ba hadari baya, da bishiyoyi ko rumfa a gefe inda tsofaffi da masu goyo za su fake.

Abin da za ku ɗauka shi ne yadda aka yi tunanin. Ku gina ɗakin daidai mutanen da ke hawa ranar Talata da asuba, ko 30 ne ko 50, taron shekara kuma ku ba shi filin dutsen. Coci-cocinmu da masallatanmu duka muna da wannan cutar ta gina zauren mutum dubu saboda rana ɗaya a shekara, a ƙare da kango ba rufi shekara goma. Ku yi amfani da dutsen da ke wurin. Kowane buhun siminti da bulo da jarkar ruwa a ka za a hau da su, mata da matasan ikilisiya ne za su ɗauka, ka ƙirga wannan kafin ka amince da kowane zane. Bangon dutse mai kaurin santimita 45 zuwa 60, da 'yan ginshiƙan kankare a ciki da bim a sama da zai ɗaure su, zai riƙe sanyi ya kuma daɗe. Rufi mai sauƙi ya isa, mai gangara gefe ɗaya, a ɗaure shi da ƙarfe cikin bim ɗin, kada a dogara da ƙusa, ruwansa ya bi indararo ɗaya zuwa tanki. Tankin ma ku fara gina shi kafin komai, a ƙarshen damina ya cika, da ruwansa za ku kwaɓa siminti da rani. Tazarar nan ta haske tsakanin bango da rufi kuna iya yin ta, ku sa raga maimakon gilashi, zafi ya fita ta nan, tsuntsu da jemage kuma su tsaya a waje.

Duwatsun wajenku irin na Kufena ne da Kajuru, sulɓi mai tauri, ƙasar da ke kansu ba ta da zurfi. Ba a haƙa fandisho a irin wannan wuri yadda ake yi a fili. Ana share ƙasar har a kai ga dutsen, a huda shi a dasa rodi, a zuba kankare a kai, kuma a kauce wa inda dutsen ya yi ɓawo yana ɓarewa. Wannan sai injiniya ya hau ya gani da idonsa, kada ya zana muku daga ofis. Kuma kada a buɗe ginin sai an kafa ƙarfen kariyar tsawa. A kan sulɓi wayarsa ba ta da inda za ta nutse, dole a ja ta gangare har inda ƙasa take da danshi, kuɗin tagullar yana da yawa, shi ya sa ake yawan cewa a bari sai baɗi. Ka gaya wa kwamitinku abin da ya faru a 1913.

Akwai abu biyu da ba na magini ba ne amma suna rushe aiki. Dokar cocinku ba ta yarda a gina majami'a ba sai da rubutaccen izinin Bishop, kuma Kagoro tana ƙarƙashin diyosis na Kafanchan ne, don haka ta hannun Fadan ikilisiyar ƙauyen za a bi. Na biyu, duwatsun yankin nan ba su rasa masu su. A kansu kakanni suka zauna zamanin hare-hare, akwai kufai, akwai kaburbura, akwai wuraren da dangi ke girmamawa. A zauna da dattawa da mai unguwa da hakimi, a rubuta yarjejeniya, a nemi takardar fili da sunan da kowa ya amince da shi.

Kafin ku kira mai zane, ka ɗauki mutum uku ko huɗu ku hau dutsen sau uku: da asuba, da azahar, da ranar da hadari ya haɗu. Ku sa duwatsu a inda kuka ga mutane suna zama da kansu in sun gaji, ku lura da inda ruwa ke bi in ya sauko, da inda murya ke kaiwa in mutum ya yi waƙa ba lasifika. In kun gama, ka zo da hotuna da awon wurin ko da na taku ne, da adadin kuɗin da ke hannu na gaskiya, ban da alkawuran da aka yi ranar gidauniya, sai mu zauna mu ga bangon farko inda zai tsaya.